Kwaɗon Dutse

Kaka Zuwera na zuba mini wake a ganye, ta ce:
"Wai wane kwaɗo kike wa digiri na biyu?
Na ƙofa, ko na zogale?"
Na ce na dutse ne, Kaka.
Ta ƙara mini yaji, ta yi shiru.

Daga Nima zuwa Legon, mota biyu,
sai ɗaki mai sanyi, fitila, allura, da shi,
kwance cikin lakar da ta daskare
tun ƙasa ba ta san sawun mutum ba.
Aronsa aka ba mu, da lamba a ƙugu.

Wata bakwai ina sosa ƙashin cinya guda,
ko tsinken sakace bai kai ba.
Ran Laraba hannuna ya yi rawa.
Ƙas!
Abin da shekaru miliyan suka kasa karyawa.
Na manne shi, na rubuta laifina da hannuna.

Daren nan ruwa ya cika kwata,
danginsa sun hana unguwa barci.
Kaka ta leƙo: "Ga su da rai, kyauta,
ke kina can kina lallashin gawa."

Na kasa kunne.
Ƙashi dai na iya awonsa.
Kukansa ne dutse ya kulle,
ya haɗiye makullin.