Takalmin Hawan Kufena

Likita a Shika ya dubi takarda, ya dube ni,
ya ce sukari ya yi yawa a jini:
ko in motsa ƙafa, ko a motsa ni a makara.
Shekara hamsin da biyu, ban taɓa gudu ba
sai ran da kare ya biyo ni a Hanwa.

Na shiga Sabon Gari da la'asar sakaliya,
layin 'yan gwanjo, inda takalma ke reto
da igiyoyinsu kamar kifin da aka shanya.
Idona ya faɗa kan wani fari tas,
ba nauyi, sai ka ce sāɓin auduga.
Na ce, Barau, nawa?

Bai tanka kuɗi ba. Ya ce, "Ina za ka taka?"
Na ce bayan Wusasa, hanyar Kufena,
inda kwalta ta gaji ta koma gida.
Ya zare farin daga hannuna
kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro.
"Wannan ɗan birni ne, Malam.
Bai san tsakuwa ba, bai san ƙaya ba.
Yayyafi ɗaya a kan dutse,
sai ka tsinci haƙoranka a ƙasa."

Ya jawo buhu daga ƙarƙashin tebur,
ya fito da wani mummuna, launin kunun kanwa,
ya kifa shi a tafin hannu.
"Takalmin daji rago ne, haƙori ake dubawa."
Ƙasansa tsaga-tsaga kamar tayar tarakta.
Ya lanƙwasa: gaba ya bi, tsakiya ta ƙi.
Ya ƙwanƙwasa hancin, da tauri.
"Nan ne zai sha tuntuɓe a madadinka."

Na zura ƙafa. Ya durƙusa,
ya dasa babban yatsansa a gaban nawa.
"Bar wa ƙafa ɗaki. Gangara ba ta da tausayi,
farce ke biyan bashin matsi.
Gara da ka zo da yamma ta kumbura,
ƙafar safe maƙaryaciya ce."
Dunduniya kuwa ya ɗaure ta tam,
ya ce ita ba a ba ta izinin yawo.

Na lura na hagun ya ɗan ci ta waje.
Wani ya riga ni, can wata ƙasa mai sanyi,
mai karkata ƙafa in ya gaji.
Ban san sunansa ba, na gaji tafiyarsa.
Albarka, albarka, har aka kira magariba.
Ladidi ta tambayi kuɗin, na faɗi rabi.

Asabar, bayan asuba. An kwana ana ruwa.
Laka ta kama, ya ƙwace.
Dutse ya yi santsi, ya cije.
Ƙarangiya ta hau safa, ba ruwansa.
Ƙirjina ne ba wanda ya auna:
rabin hawa na tsaya, hannu a gwiwa,
zuciya na daka kamar gidan suna.

Sai ga tsohuwa, damin itace a ka,
silifa ɗaya shuɗi, ɗaya ja,
an toshe maɗaurin da ƙusa.
Ta wuce ni ba ko haki.
"Sannu, ɗana. Wa ya biyo ka?"
Na ce sukari, Iya.
Ta yi dariya har itacen ya girgiza.
"To, Allah ya sa ya riga ka gajiya."

Na kai sama da rarrafe, ba zan ɓoye ba.
Zazzau na kwance, rufin kwano na jiƙe,
hayaƙin ƙosai na tashi daga wani lungu.
Na kwance na dama, na zazzage:
tsakuwa ɗaya, ba ta kai ƙwayar dawa ba,
ita ta ci ni tun daga gindin dutse.
Na sa ta a aljihu.
Litinin zan kai wa Barau, in ji ta bakinsa.