Adireshin Shayin Kawu Khiêm

A Hanoi, ƙarfe biyun dare, ruwa na dukan rufi,
Quyên ta tasa kwamfuta gaba, kofinta ya huce,
a saman shagon kawunta, inda ƙamshin ganyen shayi
ya kama labule, ya kama har gashin mage.

Shekara tara shagon na da gida a intanet,
amma adireshin kowane kaya, wayyo,
sai ka ce kaza ta taka tawada ta bi ta kai:
alamar tambaya, lamba, wata alamar, wata lambar,
dubu huɗu da ɗari huɗu da sha bakwai,
wai shi ne shayin furen bado!
Wa zai karanta wa aboki wannan a waya?
Wa zai riƙe shi a ka daga nan zuwa bakin tafki?

Ta leƙa taga. Tsohuwar unguwa na barci,
kowane lungu sunansa sana'arsa:
Layin Azurfa, Layin Siliki, Layin Takarda.
Baƙo ba ya tambaya, ƙafarsa ke kai shi.
Ta ce, ashe magabata sun gama aikin tun tuni,
ni kwaikwayo ya rage mini.

Sai ta fara shara.
Sunan shago, karkataccen layi, shayi,
wani layin, bado. Shi ke nan.
Ƙananan baƙaƙe, ɗan karan ɗori tsakanin kalmomi,
ba kwanan wata, don gobe zai tsufa,
ba sunan manhajar da ke girki a bayan gida.
Shafin nan ba a ajiye yake ba,
sai an ƙwanƙwasa ake ɗora tukunya,
amma ina ruwan mai saye da hayaƙin madafa?
A ba shi ƙofa mai suna.

Kaya ɗaya, ƙofa ɗaya.
Ta tarar da shayin bado na da ƙofa uku,
injin bincike ya zo, ya tsaya, ya rasa ta gaskiya,
ya raba musu daraja kamar gādon gidan yawa,
kowa ya tashi da abin da bai kai ya kawo ba.
Ta toshe biyu, ta nuna ɗaya.

Kawu Khiêm ya hawo bene da tari da fitila,
ya sa tabarau, ya duba, ya ɓata rai:
“Ina hulunan baƙaƙenmu? Kin aske su tas!
A harshenmu, ɗigo ɗaya ke raba uwa da fatalwa.”
Ta ce, “Kawu, a cikin shafi suna nan da adonsu,
a bakin hanya ne kawai suka tuɓe,
don injin wata ƙasa kada ya tauna su ya tofar.”
Bai yarda ba. Bai kuma hana ba.

Yana juyawa ya tsaya a matakala:
“To, masu tsohon adireshin fa?
Akwai wata tsohuwa a Huế, Madam Diệu,
duk shekara takan sayi na bado ranar tuna mijinta.
Ɗanta ya ajiye mata lambobin nan kafin ya yi nisa,
ba ta san wata hanyar ba.”

Quyên ta yi shiru. Ruwa ya tsagaita.
Wanda ya tashi daga gida bai bar sallahu ba,
shi ya ɓatar da baƙonsa.
Ta zauna, tsohuwar ƙofa bayan tsohuwar ƙofa,
ɗari shida da 'yan kai,
tana liƙa wa kowacce ɗan jagora:
mun ƙaura har abada, biyo ni nan.

Asuba ta yi, babura suka fara gurnani,
mai miyar taliya ta hura gawayi a ƙasa.
Allon ya yi ƙyas.
Dubu huɗu da ɗari huɗu da sha bakwai ta ƙwanƙwasa,
jagora ya kama hannunta, ya kai ta bado.
Ƙunshi biyu, zuwa Huế.

Kawu bai ce komai ba.
Ya sauka, ya ɗauko ma'auni,
ya ƙara mata gyara.