Ratsin Sumi

Baƙa wuluk aka kawo ta,
a aljihun rigar Shigenobu,
ƴar mitsitsiya, ba ta kai butar shayi ba.
Na ce, wannan ce damisar da kake kurantawa?
Ya ce, Fusae, ki ba ta shekara biyu.

Na ba ta.
Ratsin ya taso a hankali,
ja a ƙarƙashin baƙi,
kamar garwashi idan an hure toka.
Haka karnukan ƙasar Kai suke, in ji shi,
ba sa nuna rigarsu ranar farko.

Kunne tsaye, wutsiya lauje a kan baya.
Na ga ta haye kogi ranar da ruwa ke yanka ƙashi,
na ga ta kan reshen bishiya
tana duban ƙasa kamar ba ita ta hau ba.
Kakanninta sun kori akuyar dutse
a tsaunukan da suka rufe mu ta ko'ina,
inda baƙon kare bai cika shigowa ba,
shi ya sa jinin ya zauna yadda yake.

Ta tsare masa aladen dawa goma sha ɗaya.
Na sha biyu ya bar mata tabo a kafaɗa,
nan ne kawai ratsin ya yanke.

Mutum ɗaya take sani.
Ni mai dafa tuwon shinkafa ce,
mai buɗe ƙofa, mai share gashi a tabarma.
Ban yi fushi ba. To, kaɗan.

Bara muka mayar da bindigarsa ofishin ƴan sanda.
Takalman dajinsa na bar su a bakin ƙofa,
don nan take kwana, haɓa a kan na hagu.
In na ajiye kwano ba ta ci
sai na juya baya,
kamar tana jin kunyar rayuwa a gabana.

Jiya dusar ƙanƙara ta sauko har gonar inabi.
Na fita duba rumfa, gwiwa na ƙara.
Ban kira ta ba.
Sai ga ta gabana, taku goma,
ta tsaya, ta waiwayo,
irin waiwayen da take yi masa.

Ban san hanyar dutse ba, Sumi.
Amma je ki, ina biye.