Baya Ɗaya Gare Ni

Ƙarfe ɗaya da rabi a Bilbis,
rana ta hau kwanon ɗaki ta zauna.
Kuran ya tafi tun hantsi, bai ce ga ranar dawowa ba,
fanka ta tsaya da hannuwa a buɗe
kamar mai rantsuwa ba ita ta yi ba.

Huɗu gare ni yau.
Ba ni na haife su ba, amma ni na san
mai murza kunne in barci ya taso,
da wadda sai an rufe mata ƙafa ko gari na tafasa.

Tsahara ba ta da wuya. Jijjiga uku, ta tafi,
bakinta na tsotson nonon da ke can lakwal
tsaye gaban allo.
Ƴan biyun Harira mai ɗinki
kallon juna suke, kowa na jiran ɗan'uwa ya fara,
ɗaya ya lumshe, ɗaya ya bi.

Saura Assumana.
Wata shida, muryar ladan.

Da safe uwarsa ta ce, ƙafa ɗaya bisa moto:
"Inna Zabba'u, ki rage goya shi.
Ki kwantar, ki fita.
In minti biyar ya cika ki leƙa, ki dafa shi,
amma don Allah kar ki ɗauka.
Haka muka fara a gida."
Kwana ta yi a asibiti tana karɓar ƴaƴan wasu,
idonta ja kamar gauta.
Na ce to.
To ba ta da nauyi da safe.

Na taɓa tsumma, a bushe.
Na taɓa goshi, ba zafi.
Madara ya shanye ta har gindin kwalba.
Na shimfiɗe shi rigingine cikin gidan sauro,
na ja labule, na tsaya bayansa kamar ɓarauniya a gidana.

Ba na auna lokaci da agogo, carbi gare ni.
Talatin da uku na fari, kukan fushi ne:
wa ya ba ki izini?
Na biyu ya koma ƙara, yana kai ni gaban alƙali.
Ta kan katanga Tamu ta ce,
"Zabba'u, lafiya? Ɗan mutane fa!"
Na ce lafiya lau, da muryar da ba tawa ba.

Tsohuwata a Kalfu, Allah ya ji ƙanta,
ba ta bari jinjiri ya ja numfashi na biyu.
Amma gidan nan baya bakwai ne:
ita, da gwaggo, da yayyena,
har makauniyar kakarmu tana da cinya.
Ni baya ɗaya gare ni,
shi ma ya fara yi mini magana in na duƙa.

Na shiga. Na dafa ƙirjinsa,
zuciya na bugu kamar ɗan tsako a tafi.
Ya kama yatsata. Ban ɗauka ba.
Allah shaida, ban ɗauka ba.
Na zare, na fita.

Sai kukan ya fara yin ƙofofi,
shiru na leƙowa ta ciki.
Ajiyar zuciya ɗaya, doguwa, mai tsani uku.
Wata kurciya ta amsa daga kan dogon yaro.
Shi ke nan.

Na leƙa sau huɗu in ga cikin na tashi.

Da la'asar za ta tambaya, minti nawa yau?
In ce carbi biyu da ƴan kai,
jiya uku ne.
Za ta yi murmushi, ta ɗaure shi a baya, ita da ta hana ni.
Ba zan gaya mata ba
cewa majanyi na hannuna tun kukan fari,
na cije bakinsa har ya jiƙe.

Na zauna, na jawo kwanon fura.
Ludayi bai kai bakina ba
Tsahara ta motsa.