Kogin Kara

Ina yarinya, a Gamkalle,
yayana Tankari ya fere kara
ya haɗa mini mota:
ƙafa huɗu na murfin kwalba,
ba inji, ba mai, ba hayaƙi.
Na ce, ina ƙofar direba?
Ya ce, wa zai shiga?
Ke dai ja ki gani
ko za ta kife a kwana.

Shekara ashirin da ɗoriya,
ga ni hawa na biyu, a wani biro cikin Yamai,
ina fere kogin Isa da lissafi.

Aikin farko zubarwa ne.
Na zubar da dorina da kwale-kwale,
na zubar da mata masu wanki a bakin gaɓa,
da ƙamshin kifin da ake soyawa da la'asar.
Na bar faɗi, na bar zurfi, na bar gangara,
da yawan ruwan da ƙasa ke iya sha
kafin ta ce ta ƙoshi.
Kogin da ya saura bai jiƙa ko yatsa,
amma yana tafiya.

Kullum da asuba Malam Hamani
kan sauka gindin tsohuwar gada,
ya naɗe wando, ya duba ma'auni,
ya aiko mini lamba uku ta waya.
Shi ne idona.
Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi
kogina makancewa yake yi.

Sai in ce wa na'ura: a ce.
Duk sana'ar tamu kalmar nan ce, a ce.
A ce an kwana uku ana ruwa a kan Sirba,
a ce jan ruwa ya iso kafin lokacinsa,
a ce shingen ya gaji.
Ita kuma ta taka, awa bayan awa,
kowace awa na goye da wadda ta haife ta.
Na nutsar da Yamai sau dubu kafin azahar,
ba wanda ya rasa ko tabarma.

Kafin in yarda da ita
sai na maida ta bara, na ce, faɗa mini abin da ya faru.
In ta yi ƙarya a kan jiya
wa zai saye gobe a hannunta?
Na ɗaure nan, na sassauta can,
kamar mai gyaran akalar raƙumi,
har layinta ya hau layin Hamani.

Damina ta zo. Na ce Kirkisoy lafiya,
taki biyu tsakaninta da ruwa.
Daren Talata ruwa ya shiga.

Na je da laka har gwiwa.
Wata tsohuwa, Inna Gambi,
tana shanya takardun jikanta a kan katanga.
Ba ta yi mini faɗa ba.
Ta nuna da haɓa:
ga ramin da masu amalanke suka haƙa suna ɗibar yashi,
shekara huɗu, kowa ya sani.
Kowa, ban da taswirata.

Na koma biro, wuta ta ɗauke,
na zauna cikin zufa har ta dawo.
Na haƙa ramin nan da lambobi,
na sake cewa: a ce.
Ruwan allo ya bi ta bayan masallaci,
ya tsaya daidai ƙofar Inna Gambi.

Da dare na kira Tankari.
Yanzu tirela yake ja, hanyar Gaya.
Na ce, motarka ta kife.
Ya yi dariya, iska na yanke muryarsa:
To, kin ga kwanar.
Ƙara mata ƙafa ɗaya,
ki sake ja.