Tsakiyar Wasa a Bukuru

Ruwan Agusta ya tsare mu a shagon Davou,
shayi ya huce, allon ces na tsakaninmu.
Haddar buɗe wasa ta ƙare,
saura ni da kaina.

Dokina na zumuɗin tsalle,
sarauniya na cewa a sake ta.
Davou, tsohon mahaƙin kuza, ya kurɓi nasa:
"Ba inda ƙasa ke ƙyalli ake haƙa ba, yaro."

Sai na daina harara wa sarkinsa.
Ashe can gefe wani ɗan soja ya yi gaba,
ya bar giɓi kamar na haƙori.

Na gusa da hasumiya, taku ɗaya,
ta tsaya tana leƙen giɓin.

Davou ya ajiye kofi.
Bai ƙara cewa uffan ba har ruwa ya ɗauke.