Abin da Babu a Jikin Babur

Shekara goma sha tara yana jingine
a ɗakin gawayi, bayan gidanmu na Aboabo.
Kaji sun yi ƙwai a kan sirdinsa,
tsatsa ta ci tankin kamar gara ta samu littafi.
Ran da na fito da shi tsakar gida
tayar baya ta ƙi juyawa,
sai na ja shi kamar akuyar da ta hango mahauci.

Na share ɗakin, na kafa benci da tsohuwar ƙofa,
na jera gwangwanayen madara:
wannan na noti, wannan na ƙusa,
wannan na abin da ban san sunansa ba tukuna.
Da rana ina ɗaure rauni a asibiti,
da dare ina kwance na ƙarfe.
Kananzir ya shiga ƙarƙashin farcena ya yi zamansa.

Sai da na warware shi gaɓa-gaɓa a kan tabarma
na fara ƙirga abin da babu.
Babu kafireta.
Babu fitilar gaba, sai ramin ido.
Madubi ɗaya, shi ma a tsage.
Na ce ɓarayi ne, na tsine musu har sau uku.

Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake,
ba ta ko ɗago kai ba.
Ta ce, Adiza, janye tsinuwarki.
Kafiretar tana cikin kanki,
ita ta biya kuɗin jarrabawa.
Fitilar ta tafi shekarar da kika yi zazzaɓin nan.
Madubin kuwa takalmin makaranta ne,
baƙi, mai maɓalli, kika yar da ƙafa ɗaya a kwata.

Ashe babur bai mutu ba.
Baba Mumuni ne ya riƙa yankarsa yana ba ni,
yana cewa gwiwa ce ta hana shi hawa,
yana tafiya Kejetia a ƙasa.

Asabar na hau mota zuwa Suame,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Masta Boakye ya zazzage buhu uku a gabana,
ya ɗauko wata kafireta, ya hura, ya kanga a kunne.
Ya ce irin wannan sai a wurin tsofaffi.
Na biya ban nemi ragi ba.
Ya dube ni kamar marar lafiya.

Ban mayar da shi yadda yake ba.
Na yanke kariyar baya, ba buhun goro zan ɗauka ba.
Na sauke kan, na rage salansa,
na fesa wa tankin shuɗi mai duhu
irin na rigar da yake sawa ran Juma'a.
Sirdin na ɗinke da fatar jakarsa,
inda zufar hannunsa ta yi baƙi na bar shi a sama.
Madubi dai ɗaya na bari. Wannan bashin ba na so in biya.

Daren Laraba, an ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano,
ƙanena Fuseini na riƙe da tocila a baki.
Na taka. Shiru.
Na taka. Ya yi tari irin na mai gidan da asuba.
A na bakwai ya kama,
gwangwanaye suka hau rawa a kan benci,
hayaƙi ya cika ɗakin, karen maƙwabta ya ɗauka.

Inna ta fito da zani a kafaɗa,
ta tsaya cikin ruwan tana saurare.
Can ta ce, ya cika ƙara, nasa ba haka yake ba.
Amma ba ta koma ciki ba
har sai da man ya ƙare.

Gobe zan fara koyon hawa.